Ciyawar Ƙofar Rifkatu

Ku da kuka gaje mu a sashen nan kuna cewa bin sawun tsofaffin ɗalibai ya zo da sauƙi. Ku tura tambayoyi ta waya, yarinya tana kwance a kan gadonta ta latsa cewa tana aiki, ta latsa cewa ta gamsu da karatun da aka ba ta, ku tattara ku kai wa shugaban sashe a yaba muku. Ban ce ku daina ba. Amma wace nas ce za ta latsa cewa ta manta yadda ake neman jijiya a hannun jariri? Ni da na yi wannan aiki, tun daga shekarun da gubar dalma ta ɓulla a yankinmu har zuwa lokacin da hanya ta gagara, da ƙafata na yi shi. Ku saurara ku ji yadda ake yi, ko da ba za ku yi ba.

Ni 'yar Gummi ce, ɗalibai suna kirana Malama Kulu. Na daɗe ina jinya a ɗakin yara kafin jami'a ta ɗauke ni in riƙa koyar da ɗalibai a gefen gado. Da aka ce dole sashe ya nuna abin da waɗanda ya yaye suke yi bayan sun karɓi digiri, sai aka zauna aka raba ƙasa. Masu uwa a gindin murhu suka ɗauki manyan asibitocin birni, inda akwai fanka da shayi. Ni kuwa aka ce ai yankinku ne, aka ba ni Anka da Gummi da Bukkuyum. Mota ba a ba ni ba. Daga inda kwalta ta ƙare sai kabu-kabu, in rafi ya cika a sauka a tattare zani.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai agogo mai sandar daƙiƙa da nake maƙalawa a ƙirji, don in ga ko ɗaliba tana ƙirga numfashin yaro ko tana duban bango ne kawai tana motsa baki. Akwai fom ɗin sashe, mai layuka da gidajen da ake sa maki. Sai takalmin roba, da tsohon zani na shimfiɗa, da ƙuli-ƙuli da dabino, domin mai awo ba ya cin abincin wanda ya zo aunawa. Farin kaya kuwa ba na sawa. In kika sa farin kaya, marasa lafiya za su bar nas ɗinsu su taru a kanki, ki koma gida ba ki ga komai ba.

Wadda ta koya mini zama in yi shiru wata tsohuwar matiron ce da na yi aiki a ƙarƙashinta ina sabuwa. Wata rana muna jarraba wata ɗaliba tana sa wa yaro ƙarin ruwa, sai na miƙa hannu zan gyara mata riƙon allurar. Matiron ta make mini bayan hannu a gaban kowa. Bayan an fita ta ce da ni, "Mai awo ba ya sa hannu a kan sikeli. Ki zauna inda za ki ga hannunta, ki rufe bakinki. In rai ne zai tafi, ki tashi ki karɓi aikin, amma ki sani awon ranar ya lalace." Na riƙe wannan doka tsawon aikina, ita ce kuma ta sa ba ni da ƙawa a kowane asibiti da na shiga. Ɗalibar da kika yi wa wasa da dariya a aji, ranar da kika sauka a ƙofarta da jaka, gaisuwarta ma a taƙaice take.

Zuwana na farko wani ƙauye a bayan Anka, na yi kuskuren da kowane sabo yake yi, na aika cewa ina tafe. Ɗalibin da ke can, Sanusi, yaro ne mai baki, ya ci jarrabawa da kyau. Na tarar an share, an yayyafa ruwa, benci cike da marasa lafiya. Sai dai marasa lafiyar nan kowa kumatunsa a cike, suna ta raha. Wani dattijo ya shigo yana ɗingisa ƙafar dama, aka duba shi, aka ba shi magani, ya fita yana ɗingisa ta hagu. Ashe kawunnan matar Sanusi ne da maƙwabta aka tara mini. Da na fito zan hau babur sai na ga gefen zanina ya cika da ƙarangiya, kuma a kan hanyar ƙofar asibitin na kwashe ta. Ƙofar da mutane ke bi kullum ba ta tara ƙarangiya.

Tun daga ranar ban sake aikawa ba, kuma na mai da yawancin tafiyata cikin damina. Kafin in shiga nakan sa mai babur ya sauke ni nesa kaɗan, in taka, in duba ƙasa. In hanyar ta yi fes, ta yi ƙwari a tsakiya, to mata suna zuwa da yara. In tafasa ta fito har ta yi fure a bakin ƙofa, akwai magana, ruwa ba ya tsami banza. Wani lokaci laifin nas ne, wani lokaci magani ne ya ƙare a sito, wani lokaci kuma da mai gari ne suka saɓa. Ciyawa ba ta faɗin dalili. Abin da take faɗa kawai shi ne ki zauna ki kwana biyu.

Shekarar gubar ita ce shekarar da ba na son tunawa. Mutane suna kawo duwatsun zinariya cikin gida, a niƙa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ƙurar ta shiga abinci ta shiga ruwa. Yaro yana wasa da safe, da yamma sai jijjiga. Na bi ta hanyar Tungar Daji a lokacin, na ga sababbin kaburbura gajeru a jere, na sa mai babur ya wuce. Likitocin agaji sun zo sun buɗe wurin magani a garuruwa, aka kwashe ƙasar gidaje, aka kuma buƙaci nas-nas a ƙananan asibitocin sha-ka-tafi da za su riƙa lura da yaran da aka sallamo. Masu digiri ba su cika yarda da ƙauye ba. Cikin 'yan kaɗan da suka yarda akwai Rifkatu.

Rifkatu ita ce ta fi kowa a ajinsu. Kirista ce, iyayenta mutanen Filato, a barikin 'yan sanda ta tashi, Hausa a bakinta kamar ta kowa. Hannunta kuwa, ban koyar da mai irinsa ba. Bayan ta gama bautar ƙasa aka kai ta wata tunga da ake ratsawa daga Zugu, ita kaɗai, ɗaki biyu da rijiya a baya. A ɗaya take aiki, a ɗaya take kwana. Ba coci, ba sabis na waya sai an hau tudu, ba wanda za ta ce wa duba mini wannan.

Na sauka can da hantsi, damina ta yi nisa. Tun daga nesa na hango bakin ƙofar. Tafasa ta kai gwiwa, ta rufe hanyar, sai wani ɗan siririn layi na ƙafar mutum ɗaya, wato ƙafarta. Ciki kuwa tsaf. Auduga a rufe, allurai a inda ya kamata, ruwan wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa. A kusurwar ɗakin kwananta na hango jaka a ɗaure.

"Malama, kin zo a kan gaɓa," in ji ta. "Ranar kasuwa zan bi mota. Ba canjin wuri zan nema ba, aikin zan bari gaba ɗaya."

Na ce me ya yi zafi?

"Ba sa zuwa. Sai yaro ya kusa mutuwa ake kawo mini shi. Na bi gida-gida, a gaishe ni a ba ni ruwa, shi ke nan. Ofishin lafiya sun ce in ba marasa lafiya to ni ce ban iya ba. Wataƙila gaskiyarsu ne, a takarda kawai na iya."

Rarrashi ba aikina ba ne. Na shimfiɗa zanina a kusurwar da zan ga hannunta. Ranar farko mutum ɗaya ya zo, wani manomi da fartanya ta sare shi a ƙafa. Ta wanke, ta ɗinke, ta ɗaure, ta yi masa allura, ban sami gidan da zan rage mata maki ba. Sauran yinin muka zauna muna jin kukan kurciya. Ta dafa taliya ta miƙo mini, na ce na gode, na ci ƙuli-ƙulina. Na ga abin ya yi mata ciwo, ni ma ya yi mini, don na san ta daɗe ba ta ci abinci da kowa ba.

Washegari wajen azahar wata tsohuwa ta shigo da sauri, riƙe da yaro ɗan kimanin shekara biyu, jikinsa zafi rau, idonsa yana juyawa sama. A bayanta wata matashiya ta biyo, amma ba ta shigo ba. Ta tsaya a gefen ƙofa ta juya fuska wajen gona, tana wasa da bakin mayafinta. Rifkatu ta karɓi yaron ta kwantar da shi a gefensa, ta duba numfashi, ta sa ma'aunin zafi, duk daidai. Sannan ta ɗaga kai.

"Ina uwar yaron?"

Tsohuwar ta ce, "Ni ak kaka tai. Tambaye ni, ni ka riƙon shi."

"Inna, da uwar nake son magana. Ke, ke ce uwarsa? Shigo mana. Yaya sunansa? Yaushe ya fara?"

Matashiyar ta ƙara sunkuyar da kai. Rifkatu ta sake tambaya, murya ta fara hawa. Ta juyo wajena ta ce, "Kin gani, Malama? Haka suke yi mini kullum. Ɗanta yana jijjiga, ita tana kallon gona kamar ba ita ta haife shi ba." Ta ce da tsohuwar, cikin ladabi kuwa, yadda littafi ya ce a keɓe mai ba da bayani, "Inna, ki ɗan ba mu wuri."

Tsohuwar ba ta yi musu ba. Ta sunkuya ta fara naɗe yaron a zani. Ta ce da ta bakin ƙofa, "Shatu, wuce mu tai gida. Na gaya maki nan ba a zuwa, wagga yarinya ba ta san mutane ba."

A nan na ga dalilin tafasar. Yaron ɗan fari ne. A wajenmu, musamman a ƙauyukan da suka cuɗanya da Fulani, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane, balle a gaban uwar mijinta. Ko cikinta yana ƙuna, fuskarta ba za ta nuna ba. Rifkatu ta taɓa jin labarin kunyar ɗan fari, amma a bariki ta ɗauka wasan tsofaffi ne da ya wuce. Littafin da muke koyarwa da shi kuwa, waɗanda suka rubuta shi ba su taɓa zama da suruka ba. Yawancin yaran da gubar ta kama ƙanana ne, iyayensu mata yara ne, da yawa haihuwar fari. Kowace ta zo sai a tsare ta da tambaya a gaban surukarta, a kore surukar, a kuma ce ba ta damu da ɗanta ba. Wa zai dawo?

Na dubi yaron, na dubi agogona. In suka fita da shi, gida za su kai shi a yi masa hayaƙi. Na tuna matiron, na ajiye fom a ƙasa, na tashi.

Na ce da tsohuwar, "Inna, ki yi haƙuri ki zauna nan kan gado, ki riƙe shi, ke ad da shi. Ni ma ɗiyar Gummi ce." Ta dube ni sama da ƙasa, ta zauna. Na ja Rifkatu gefe na ce mata a hankali, "Ɗan fari ne, kuma a gaban uwar mijinta kike tambayarta. Ki fara ba shi abin da zai tsayar da jijjigar. Sannan ki ɗauki bokiti, ki ce ta zo ta taya ki jan ruwa. Kada ki dubi fuskarta, kada ki ce ɗanki, ki ce yaron nan."

Ta ba yaron magani, ta jira jikinsa ya saki, ta nuna wa kakar yadda za ta riƙa goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Sannan ta ɗauki bokiti ta fita, na ji ta ce, "'Yar'uwa, zo ki kama mini guga, hannuna ciwo yake."

Ta taga nake hango su. Baya biyu kawai nake gani, ɗaya da farin kaya ɗaya da mayafi, suna fuskantar rijiya. Guga ta shiga ta fito, bokiti ya cika, ba su taho ba. Na ga kafaɗar Shatu tana rawa, na ga Rifkatu ta zubar da ruwan a gindin bishiya ta sake jefa guga don a ƙara lokaci. Ko kalma ɗaya ban ji ba. Duk shekarun da na yi ina awo, aikin jinya mafi kyau da ɗalibata ta taɓa yi a gabana shi ne wannan, kuma daga nesa na gan shi, ta baya.

Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta gaya mini a gajarce cewa tun jiya yaron yake jijjiga, ba sau ɗaya ba, cewa an taɓa kwantar da shi a wurin likitocin agaji aka sallame shi, kuma mijin ya koma kawo duwatsu yana dakawa a bayan ɗaki. Wannan na ƙarshen Shatu ba za ta taɓa faɗarsa a gaban uwar mijin ba. Rifkatu ta gwada jininsa don zazzaɓin sauro, ta rubuta takardar turawa, ta durƙusa ta yi wa kakar bayani kamar ita ce ta kawo dukan labarin. Mai babur ɗina da ke jirana a tungar ne ya kai su gari, kakar riƙe da yaro, Shatu a can baya.

A fom na rubuta cewa awon ranar ya lalace domin mai awo ta sa baki. Na bar tungar kafin ranar kasuwa, jakarta tana nan a ɗaure. Ban tambaye ta ko ta fasa ba, ita ma ba ta ce ba. Na yi ta gwada wayarta daga baya ba ta shiga. Haka na yi rani guda ban san ko ina da ɗaliba a can ko babu ba, kuma a sashe ba wanda zan yi wa zancen ya fahimta.

Da damina ta zagayo na koma. Na sa a sauke ni nesa kamar kullum, na taka ina jin tsoron ɗaga ido. Tafasa tana nan hagu da dama, amma tsakiya ta buɗe, ƙasa ta yi tauri, har da sawun jaki. Kuma hanyar ba ɗaya ba ce. Daga bakin ƙofa wata ta rabu ta zagaya bayan ginin, ta nufi rijiya, ta ma fi ta gaban ƙwari. A benci tsofaffi ne zaune riƙe da jikoki. A baya kuwa na hango farin kaya da wani mayafi, da bokiti a tsakaninsu. Randunan asibitin nan ban taɓa ganin masu cika irinsu ba.

Ran nan na ci taliyarta. Na karya doka, ban kuma yi nadama ba.

Na rubuta zancen hanya biyun a gidan ƙarin bayani na rahotona. Sakataren kwamitin sashe ya kira ni ya ce, Malama, wannan maganar ciyawa ai ta masu sharar haraba ce, ya cire ta. A lissafin sashe, wanda ya yi nasara shi ne wanda ya sami babban asibiti ko ya tafi ƙaro karatu ko ya haye ƙasar waje. Rifkatu ba ta shiga ko ɗaya ba, aka sa ta a cikin masu ƙaramin aiki.

Daga baya kun san abin da ya faru da yankin Zugu da Gwashi. 'Yan bindiga suka hana noma, suka hana hanya, masu babur suka daina yarda su kai ni ko nawa zan biya. Tungar ta watse. Na ji an ce Rifkatu ta fito lafiya tare da matan garin, ta raka su har Bukkuyum. Daga nan wasu suka ce ta koma Filato, wasu suka ce Kaduna. Lambarta ta mutu. A shekarar da kuka fara tura tambayoyinku ta waya, sunanta ya faɗa cikin waɗanda ba a samu ba, kuma yana nan a wurin har yau.

Shekarata ta ƙarshe a aiki, ina tsaye a harabar wani asibiti a Gummi ina jiran ɗaliba, sai wata mata ta durƙusa ta gaishe ni. Ban gane ta ba sai da ta juya fuska gefe tana wasa da bakin mayafi. Shatu ce, ta rame, gudun hijira ya kawo su. Can nesa kaɗan wani yaro yana tsaye riƙe da igiyar akuya, ya isa shiga makaranta. Ta ce kunnensa ya yi nauyi, karatu ba ya zama, amma yana kiwo, yana cin tuwo. Duk wannan ta faɗa ba ta dubi inda yake ba.

"Malama, kina ganin Nas?"

Na ce na daɗe ban gan ta ba.

"In kin gane ta, ki ce mata yaron yana nan da rai nai."

Na ce yaran da ta duba suna da yawa, wanne zan ce mata? Gaya mini sunansa.

Ta yi ɗan murmushi, ta girgiza kai. "Ta san suna nai. Ni na hwaɗa mata da bakina, bakin rijiya. Tun da na haihe shi, ita ɗai na taɓa hwaɗa ma."

Ta tashi ta tafi, yaron ya bi ta da akuyarsa. Na yi ritaya da wannan saƙo a hannuna, ban sami inda zan kai shi ba. Ku da kuke cewa waya tana samo kowa, in Allah Ya sa tambayoyinku suka faɗa hannun wata Rifkatu da ta taɓa zama a bayan Zugu, ku bar zancen ko ta gamsu da karatunta. Ku ce mata Shatu ta ce yaron da ta san sunansa yana nan da ransa.